Rabon Inna a Tafkin Kanya

Jama'ar rumfar wanzami, da ku 'yan layin turare na Kasuwar Kurmi, na gaji. Tun da na dawo daga kudu bakina bai huta ba. Wannan ya tare ni a ƙofar masallaci, "Garba, wai da gaske ka shiga ruwa?" Wancan ya biyo ni har rumfa, bai sayi komai ba, sai ya shinshina ni ya ce har yanzu ina ƙarni. Labarin kuwa kullum ƙiba yake yi a bakin mutane. Jiya na ji an ce kada ne ya haɗiye ni, da ya ga na yi masa yawa ya amayar. To, ga shi na ɗauki alƙalami, kowa ya karanta ya shafa mini lafiya, wanda bai iya ba a karanta masa. Gishiri kuwa ba zan zuba ba sai daidai yadda miya za ta ciwu.

Asalin tafiyar nan Inna ce, mahaifiyata. Duk wanda ya san gidanmu ya san Inna ba ta wasa da akushi, ni ma a wurinta na gada. Amma da zafin bazara ya kama, sai ta ɗauke hannu daga abinci. Tuwo ta ce ɗaci, fura ta ce tsami, alkaki ta ce na yara ne. Matata Asabe ta dafa wannan ta soya wancan, kwano yadda ya shiga haka yake fitowa. Mai magani ya zo ya duba, ya ce shi bai ga cuta ba. Tsohuwa tana ta ramewa, har munduwar hannunta ta fara zamewa zuwa gwiwar hannu. Ni da ake cewa ko a gidan makoki sai na sa an yi dariya, sai ga ni ina shiga gida ina sanɗa.

Ran nan da hantsi ta sa aka kira ni.

"Auta," in ji ta, don har yau da furfurata haka take kirana, "an kusa buɗe ruwa a garinmu. Ka je ka karɓo mini rabona."

"Rabon me, Inna?"

"Kifi. Tarwaɗa nake so, mai rai. In ka kawo zan ci."

"Inna, ai ga kifi nan jibge a kasuwa. Yanzu in sa a kawo miki kwando guda."

"Na ce maka na kasuwa nake so?"

Ta juya fuskarta bango. Na san an rufe magana.

Garin su Inna wani ƙauye ne da ake kira Unguwar Kanya, tsakanin Bebeji da Kiru. Tun kafin jirgin ƙasa ya shigo Kano aka kawo ta birni, ba ta kuma sake zama can ba. Ni kaina rabona da garin tun ina da wuya, kafin ƙiba ta haɗiye shi. Da can wani gurbin rafi ne da su, amma shekarun baya aka kawo leburori suka datse rafin da tudun ƙasa saboda shanu, ruwa ya taru ya zama tafki mai faɗi wanda ba ya ƙafewa. Har a birni ana labarinsa, wai masu hali suna zuwa can shan iska. Na ce a raina abu mai sauƙi: in je, in sayi tarwaɗa a bakin ruwa, in dawo. Na sayi gurasa da goro na tsaraba, na shafa turare, na sa babbar rigata ta zuwa biki, sai tasha.

Lorin da na samu an riga an loda masa gishiri da kananzir, mu mutane a kan kaya aka ɗora mu kamar ƙari. Direban ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kai kaɗai ne ko da wani a cikin rigar?" Na ce ni kaɗai ne, sauran iyalina ne na haɗiye don kada a caje su. Aka matsa mini tsakanin buhun gishiri da wata baiwar Allah mai kwandon kaji. Kafin mu ƙetare gadar Tamburawa kajin nan sun gama saka mini hannu a gindin riga. Matar ta ce in yi haƙuri, alamar arziki ce. Na ce in haka ne yau na fi kowa arziki a ƙasar Kano.

A Kura aka tsaya shan ruwa, injin da mu duka. Da muka wuce, muka tarar da shingen 'yan doka a iyakar ƙasar hakimi. Ɗan dokan ya hau ya leƙa kaya, ya tambayi kowa inda za shi. Da ya zo kaina na ce kifi za ni saya. Ya dubi rigata, ya dubi hulata, ya ce da sauran fasinja su riƙa lura da ni a hanya, kada in yi tsalle.

Gaba kaɗan muka faɗa yashin wani busasshen rafi, lori ya nutse har ciki. Kowa ya sauka aka yi ta turi, mota ko gezau. Ni ina sama ina ba da shawara, don kowane aiki yana bukatar mai tsara shi. Sai direba ya ce, "Malam mai turare, don Allah ɗan sauko ka sha iska." Ƙafata ta biyu ba ta gama taɓa ƙasa ba lori ya yi ajiyar zuciya ya fita da kansa. Akwai shaidu, mai kaji tana nan da rai.

A Bebeji mota ta ƙare, sai ƙafa ko jaki. Na sami ayarin masu kai gishiri wajen Ƙofa, suka ba ni aron jaki. Jakin nan ya waiwayo ya dube ni, na dube shi, muka fahimci juna: rabin hanya ya ɗauke ni, rabi na ja shi. Amma mutanen wajen nan akwai kirki. Duk gonar raken da muka wuce sai an kira mu, "Baƙi, ku tsaya ku sha." A birni in ka tsaya kusa da raken mutum sai ya fara ƙirga gaɓoɓinsa. Gaisuwarsu kuma ba ta ƙarewa. Sai an tambaye ka gida, da iyali, da gajiya, da rana, da jaki, da wanda ya ba ka jakin. Mutum ɗaya muka fara gaisawa da shi a bakin wata rijiya, har na yi nisan da ba na ganinsa ina jin muryarsa yana "madalla."

Da la'asar sakaliya na isa ƙofar gidan kawuna Mamman, Allah ya jiƙansa. Ɗansa Ɗanladi ne mai gidan yanzu. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, taubasai ke nan, tun muna yara ba ma haɗuwa a rabu lafiya. Yana zaune a zaure yana gyaran koma, wato ragar hannu ta kamun kifi, siriri kamar tsinken tsire. Ya ɗago kai.

"Wa nake gani kamar rumbu ya yi ƙafa? Bawana ne ya zo gaishe da ubangidansa?"

"Baƙauye, ashe kana nan. Na zaci tuni akuya ta cinye ka, ta ɗauka karan dawa ne."

Ya rungume ni, hannunsa bai zagaye ni ba. Kafin in ankara ya cire mini hula ya kafa a kansa, ya ce ta shiga hannun mai ita. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Yaya Gwaggo?"

Na gaya masa halin da ake ciki. Ya ce in zo mu gaishe da tsohuwa.

Mahaifiyarsa, Iya Tabawa, ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata. Na cire takalmi na durƙusa, gwiwoyina suka yi ƙara har kaji suka watse. Ta shafa kaina ta yi ta sa albarka, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa da man shanu. Ina ci ina ba su labarin shirina, cewa gobe ko jibi in an buɗe ruwa zan zaɓi tarwaɗa mai kyau in saya.

Ɗanladi ya ƙware da tuwo don dariya. Iya Tabawa ba ta yi dariya ba.

"Ɗan nan, uwarka ba ta gaya maka ba?"

"Me fa, Iya?"

"Kifin ranar buɗe ruwa ba a sayar da shi. Kowane gida abin da ya kama shi ne nasa. 'Yar gari kuwa da aure ya kai ta nesa, rabonta yana nan cikin ruwa, ba ya ɓata. Kafin a shiga, Sarkin Ruwa yana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya. Wadda ɗanta ya zo sai ya amsa, ya shiga da kansa ya kamo mata. Wani ba ya kama wa wani."

"To, Iya, in Ɗanladi ya kama ya miƙo mini a ɓoye fa?"

"Wannan kifin Ɗanladi ne ka kai mata, ba rabonta ba. Kuma kana tsammani ba za ta ji ba? Garin nan in ka yi atishawa a gabas, a yamma ake yi maka barka."

Sai ta gaya mini sauran. Shekara da shekaru ana kiran sunan Inna a bakin ruwa ba mai amsawa. Sarkin Ruwa ya ce bana ce ta ƙarshe, sunan da aka daɗe ana kira shiru ana ɗauka mai shi ta riga mu gidan gaskiya, ko kuwa zuriyarta ta yar da gari, sai a daina kira. Wata mai tallar daddawa da ke shiga birni ita ta kai wa Inna wannan magana, farkon bazara. Na lissafa a raina, daidai lokacin da ta ajiye cokali.

Na ce, "Iya, ni fa ruwan da na sani shi ne na buta."

"Kai ɗin? Ɗan Kande Agwagwa?" in ji Iya. Sunan yanka na Inna bakina ba zai faɗa ba, alƙalamina ma haka, amma wannan laƙabi ranar na fara jinsa. "Uwarka tana yarinya, in ta nutsa a gindin kanya sai a hange ta a wancan ƙetaren. Maza ma tsoronta suke yi. Barewa ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe?"

"Iya, wannan ɗan ko rarrafen sai an tura shi," in ji Ɗanladi.

Masaukina zauren gidan ne, a kan gadon kara. Ba zan ce komai a kan gadon ba tunda ya riga ya rasu, Allah ya ba mai shi haƙuri. Sauron garin kuwa da safe na ga waɗansu sun kasa tashi, suna tafiya a ƙasa suna nishi.

Washegari Lahadi, jajiberin su, wato kamun kifin. Ɗanladi ya ce mu je in ga ruwan da zai ci ni. Jama'a, wurin nan kasuwa ne ba rumfa. Ga Fulani sun kawo shanu shan ruwa a gefe guda, matansu sun jera ƙoren fura da nono a inuwa. Ga masu ƙosai, masu rake, masu mazarƙwaila. Masunta sun sauka tun daga Tudun Wada da gorunansu, waɗansu ma daga duwatsun Doguwa, masu faɗin ƙirji kamar ƙofar gari. Samari suna kokawa a kan yashi, 'yan mata suna gaɗa. Ga kuma mutanenmu na birni: akawuna sun zo a kan kekuna, sun shimfiɗa bargo a ƙarƙashin itace, sun kunna garmaho, suna cin abinci a waje alhali kowannensu yana da ɗaki. Ɗaya ya biya aka zagaya da shi a kwalekwale, ya tafi ba inda za shi, ya dawo inda ya tashi, yana ta murna. Wata Bafulatana ta tambaye ni ko mantuwa ya yi.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai wani Bature ne. Yana zaune a kujerar tafi-da-gidanka a kan tudun datsiyar, da malafa, da doguwar sanda mai zare. Ina kallo ya fizgo tarwaɗa, kyakkyawa, irin wadda Inna take so. Ya cire mata ƙugiya a hankali, ya dube ta, ya yi murmushi, ya mai da ta ruwa. Na riƙe Ɗanladi don kada in faɗi.

"Lafiyarsa ƙalau kuwa?"

"Haka yake yi duk Lahadi. Ai kafin buɗe ruwa ba mai taɓa kifi. Da ya fara zuwa aka kai ƙara, Sarkin Ruwa ya zo ya zauna ya kalle shi yini guda, ya ce a ƙyale shi, wannan ba su yake yi ba, gaisawa kawai yake yi da kifi."

Na ce ina ma ya gabatar da ni, ko gobe ta gane ni.

Daga nan muka je gaishe da Sarkin Ruwa, wani dattijo gajere mai jajayen idanu, yana zaune a gindin tsohuwar kanyar da garin ya ci sunanta. Na zube na ce, "Ranka ya daɗe, ɗan Kande ne daga birni." Ya daɗe yana dubana.

"Tana da rai?"

"Tana da rai, ranka ya daɗe."

"To, gobe ka faɗa da bakinka, ruwa ya ji." Ya juya wajen Ɗanladi. "A nemo masa babbar gora. Wadda muke jiƙa dawa a ciki."

Gora ita ce jirgin masunci: ƙaton duma ne mai ƙaramin baki, mutum ya kwanta a kanta da ciki, ya riƙa tuƙi da ƙafa, koma a hannu, in ya kama kifi ya jefa a cikinta. Ɗanladi ya kai ni wani lungu in gwada. Matsalar ita ce gora zagayayya ce, ni ma haka. Abu biyu masu santsi ba sa zama a kan juna. Na hau ta dama na sauka ta hagu, na hau ta hagu na sauka ta dama, sau ɗaya ma gorar ce ta hau ni. Akawunan nan suka kashe garmaho suka zo kallo, suka ce wannan ya fi. Har rana ta yi sanyi sannan na iya kwanciya a kanta, in dai ban yi numfashi ba.

Ranar su, tun da sassafe kiɗa ya tashi. Mutane sun zagaye tafki, kowa ya tuɓe sai ɗan bante ko gajeren wando, gora a gaba, koma a hannu. Ni ma na tuɓe. Wata tsohuwa ta ce tun da take ba ta taɓa ganin an kawo tulu biyu a jikin mutum ɗaya ba. Sarkin Ruwa ya shiga har gwiwa, ya yi addu'o'insa, ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya. Sai ya fara kiran 'ya'yan gari mata da ke aure a nesa. Ya kira wata da ke Kiru, ɗanta ya amsa. Ya kira wata da ke Zariya, shiru, ya wuce. Ni dai dariya ta gudu daga cikina. Ina duban ruwan nan, baƙi ƙirin a tsakiya, ina tuna Inna da fuskarta a bango.

"Kande Agwagwa, ta gidan Mamman, tana birnin Kano."

Na buɗe baki, abin da ya fito ko sauro ya fi shi. Ɗanladi ya zungure ni a haƙarƙari da gwiwar hannunsa mai kama da mashi.

"Kai da kake cika kasuwa da surutu? Buɗe maƙogwaro, bawan banza."

Na cika ƙirji na ce, "Tana nan da ranta. Ga ɗanta."

Sun ce har shanun ƙetare sun ɗago kai. Sai na ji guɗa ta tashi daga wajen mata, Iya Tabawa ce da muryarta mai rawa, sauran tsofaffi suka kama. Ban san lokacin da idona ya cika ba, na ce hayaƙin masu ƙosai ne.

Aka buga ganga, duniya ta zuba cikin ruwa. Ban shiga ba, shigar da ni aka yi. Na tsinci kaina a kan gora ina harba ƙafa, ruwa ya zama kunu, ko'ina ihu da fantsama. Na zura koma na ji nauyi, na ce Allah ya kawo. Na sa hannu in kamo, sai na ji kamar an sauke mini aradu daga yatsa har ƙeya. Minjirya ce, kifin nan mai girgiza mutum. Na yi sama, gora ta yi gabas, ni na yi yamma, na nutse. Na yi kalmar shahada a ƙarƙashin ruwa, na yafe wa duk masu cewa turarena gauraye ne, na yi ta kokawa da ajali. Can na ji murya a kaina.

"Miƙe tsaye."

"Ina mutuwa, Ɗanladi."

"Ka mutu a tsaye mana. Miƙe."

Na miƙe. Ruwan iyakarsa cibiyata.

Waɗanda suka gani sun yi dariya har waɗansu suka saki kifinsu. Amma lokaci yana tafiya. Wanda ya san su ya san farkonsa ne mai albarka, in aka jima kifi ya gama shiga gorunan mutane ko ya nutse cikin laka. Ga gorar kowa tana nauyi, tawa ba kome sai ruwa. Na kai koma nan, na kai can, na kamo tsumma, na kamo kwaɗo, na kamo ƙafar wani mutumin Tudun Wada, ya ce in sakar masa abinsa yana da bukata. Mutane suka fara fita. Hannuna ya mutu, numfashi yana neman ƙarewa, na fara tunanin da wace fuska zan shiga ɗakin Inna.

Sai na ga Ɗanladi ya jefar da gorarsa a kan ruwa, shi da ake cewa duk shekara gidansa ne kan gaba.

"Koma can bakin ciyawa ka tsaya. Nutsa komar har ƙasa, ka buɗe bakinta wajena. Kada ka motsa, ka zama kututture, ai ka iya."

Ya zagaya can nesa, ya fara dukan ruwa da hannu biyu, yana tattaka laka, yana matsowa, yana zagina da duk sunan da ya sani tun na yaye. Ya yi haka ya sake, ya kuma sakewa. A wani zuwan na ji abu ya daki koma kamar an jefa taɓarya. Na ɗaga da ƙarfin da ban san ina da shi ba, na rungume koma da abin da ke cikinta a ƙirji, na nufi tudu ina faɗuwa ina tashi, gashin bakinta yana sharar mini wuya. Na zube a gaban Sarkin Ruwa.

Ya leƙa, ya dube ni. "Hannun wa ya ɗaga?"

"Nawa, ranka ya daɗe."

"Ɗanladi fa?"

"Ni nutsar da shi na zo yi, ranka ya daɗe," in ji Ɗanladi, "kifin ne ya shiga tsakani."

Dattijo ya yi murmushi ya ce, "Rabon Kande ya fita." Aka sake guɗa.

Ranar gidan Ɗanladi da 'yan ƙananan karfasa suka tashi, matarsa ta yi ta mita har muka gama cin abinci. Na ce ya riƙe hular, ya ce da ma wa ya ce zai mayar.

Girman tarwaɗar nan kuwa, in na ce ta kai tsawon hannuna har kafaɗa ban yi ƙarya da yawa ba. Aka saka ta a tulu da ruwan tafkin, aka ɗaure bakin da tsumma. Iya Tabawa ta ba ni daddawa da kuka in kai wa ƙawarta, ta ce in gaya mata kanya tana nan, ita ma tana nan. Ban yarda da lori ba a komawa, Ɗanladi ya raka ni da jaki har tashar Yako na hau jirgin ƙasa. Na zauna na rungume tulu kamar mai jego. Duk lokacin da jirgi ya yi girgiza sai kifi ya yi juyi, ruwa ya fantsamo. Wani malami da ke kusa da ni ya tattare rigarsa ya ce, "Bawan Allah, me ke cikin tulun nan?" Na ce ɗiyar gari ce za ta birni ganin dangi. Ya tashi ya sauya wuri. In na ji shiru kuma sai in buɗe tsumma in leƙa, in ce mata ta yi haƙuri an kusa. Tun da nake ban taɓa lallashin mace kamar yadda na lallashi kifin nan ba, Asabe tana iya ba da shaida.

Na shiga gida da azahar, ban ko cire takalmi daidai ba na wuce ɗakin Inna. Tana kwance yadda na bar ta, ta ƙara ƙanƙancewa. Na ajiye tulu na durƙusa.

"Inna, na dawo."

Ba ta dubi tulun ba. Ni ta duba.

"An kira?"

"An kira, Inna."

"Ka amsa?"

"Na amsa."

"Da ƙarfi, ko irin maganar 'yan birni ta cikin hanci?"

"Inna, shanun ƙetare sai da suka firgita. Iya Tabawa ta yi guɗa."

"Tabawa tana nan?" Ta yunƙura, Asabe ta tallafe ta ta zauna. "Jawo mini tulun."

Ta kwance tsumman, ta sunkuya ta shaƙi warin lakar nan ta daɗe. Sannan ta zura hannu, hannun nan da ya rame, sau ɗaya tak, sai ga tarwaɗa ta fito a riƙe ta bayan kai, tana ta bugun iska ba ta da yadda za ta yi. Abin da ya kusa kashe ni da koma da gora da taimakon ƙato. Inna ta juya ta, ta auna ta da ido.

"Wannan ce ka tara mini gari a kanta? A zamaninmu irin wannan yara muke bar wa."

"Inna, a ruwa ta fi haka. Tafiya ce ta ramar da ita."

"Asabe, hura wuta. Kawo barkono da daddawar Tabawa. Kada ki taɓa kifin, ba ki iya ba, ni zan gyara."

A bakin murhu ta zauna a kan kujera 'yar tsugune, tana ba da umarni kamar ba ita ce ta yi kwanaki a kwance ba. Da romo ya nuna ta sha, ta ci tsoka, ta tsotse kai, ta ce a tuƙa tuwo don romo ba ya tafiya shi kaɗai. Ni da na sha wuya ko ƙaya ba a miƙo mini ba. Ina zaune ina kallonta, ban taɓa jin daɗin ganin ana cin abinci ba da ni ba sai ranar.

Da ta wanke hannu ta yi hamdala, sai ta dube ni.

"A ina ka tsaya?"

"Bakin ciyawa, Inna."

"Shi ya sa. Baɗi ka tsaya ta gindin kanya, can manyan suke. Kuma ka rage tumbin nan kafin lokacin, kada ka fasa wa mutane gora."

Na ce to. Ku da kuke tambaya me ya sa kwanan nan nake wuce mai ƙosai ina kau da kai, dalilin ke nan.